Sista A-sake da Gwajin Hayaniya

Ina jin tsoro, kuma gara in faɗa tun daga farko. Daga ranar Litinin mai zuwa ni kaɗai zan zauna a ɗakin gwajin ji na asibitinmu, ga na'ura a gabana, ga hatimi a hannun damana, babu wanda zan waiwaya in tambaya. Matar da ta riƙe ɗakin nan shekara talatin da ɗaya ta yi ritaya jiya Alhamis. Ni kuwa shekarata biyu kacal da karɓar difloma, ba a ma tabbatar da ni a aiki ba tukuna. Abin da nake tsoro shi ne in buga wa yaro hatimin "ji lafiya lau", a koma da shi gida a dake shi da izinin takardata. Ba zato nake yi ba. Na taɓa aikata hakan, zan kuma kawo labarin a inda ya dace. Amma ba don kaina na ɗauki alƙalami ba. Na ɗauka ne don matar da aka sallama jiya da jawabin minti huɗu, alhali ta cancanci a miƙe mata tsaye.

A takardun aiki ma'aikaciyar jinya ce, mai kula da gwajin ji. A bakin ma'aikata kuwa sunanta Sista A-sake. Masu ba da kati ne suka laƙaba mata, ba kuma don yabo ba, sai don yawan katunan da ke dawo musu daga ɗakinta da rubutu iri ɗaya a ƙasa: a sake.

Bakwai saura kwata na safe take isowa. Kafin ta gaisa da kowa sai ta cire awarwaronta ta zuba a aljihun tebur, domin in ta miƙa hannu za ta danna na'ura, ƙararsu kan sanar da yaro cewa sauti na tafe. Sai ta goge lasifikar kunne da auduga, ta ɗora a kanta, ta saurari dama, ta saurari hagu, don ta ce na'ura ma takan wayi gari da mura. Sannan ta ajiye kwano da murfin kwalba guda ashirin a kan ɗan tebur. In aka shigo da yaro, da tocila take farawa. Abin da ta ciro daga kunnuwan yara a shekarun nan, daga datti zuwa ƙwayar wake zuwa guntun abin goge fensir, ya isa a buɗe shago. Bayan haka sai ta shigar da shi ɗakin shiru, wato ɗan ɗakin da aka gina a cikin ɗaki, aka lulluɓe bangonsa da soso. In aka rufe ƙofarsa har bugun zuciyarka kana ji. A nan yaro zai sa lasifika, duk lokacin da ya ji ƙara ya jefa murfi ɗaya a kwano.

Iyakar abin da takardar asibiti ta nema ke nan. Wanda ya jefa murfi daidai, kunnensa lafiya, a buga hatimi, a kira na gaba. Mu ma abin da aka fi nanata mana a makaranta ke nan.

Sista ba ta tsayawa a nan. Akwai yaran da iyaye kan kawo suna cewa ba sa ji, a shigar da su ɗakin shiru su cinye gwaji tas. Ranar da na fara aiki ta yi mini bayaninsu da irin kalmomin da take yi wa iyaye. Ta ce, "Ɗan difloma, kunne ɗan aike ne. Nasa ya kawo saƙo ƙofar gida. Can cikin gida, a ƙwaƙwalwa, ake tantance saƙon. Waɗannan yara ɗan aikensu lafiyarsa ƙalau. Mai karɓar saƙon ne ke ruɗewa in mutum biyar suka yi sallama lokaci guda. Mu kuwa da wayonmu sai mu kai su ɗakin da babu mai sallama sai mutum ɗaya, mu ce mun gwada."

Don haka ta ƙirƙiro gwaji na biyu a wani ɗan lungu da ke kusa da namu. Shekaru da yawa da suka wuce ta ɗauki rikoda ta je wani aji na firamare ta naɗo hayaniyarsa: surutun yara, jan benci, kukan fanka, hon ɗin motoci daga titi. Da rikodar ta mutu aka juye sautin a wata tsohuwar waya. Takan kunna shi, ta rufe bakinta da kwali don kada yaro ya karanta leɓɓanta, ta faɗi kalma, yaro ya nuna hotonta. Takan ba shi umarni uku a jere ta ga nawa zai riƙe. Takan aika kalma ɗaya a kunnen dama, wata dabam a na hagu. Kafin duk wannan takan tambayi uwa ko yaron ya sha ciwon kunne, ko yana barci sosai, ko harshen da ake koyarwa da shi ne ake yi a gida. In bai kai shekara bakwai ba, ba ta yanke hukunci, domin ta ce ƙwaƙwalwa ba ta gama nuna ba. Sai ta rubuta shawara ga malami da iyaye, ta ƙara da cewa a sake bayan wata shida. Minti arba'in gwajin ke ci. A kan waɗannan mintuna arba'in sau biyu ana ba ta takardar tuhuma bisa laifin ɓata lokaci.

Yanzu ga labarin da na yi alkawari. Watana huɗu da fara aiki, Sista ta tafi ta'aziyyar yayanta, kwana uku. Shugaban sashe ya leƙo ya ce mini layi ya kai bakin matakala, in nuna masa abin da aka koya mini. A cikin layin akwai wani kafinta da 'yarsa mai shekara bakwai da rabi, wadda yake kira Uwata don sunan mahaifiyarsa ta ci. Ya ce malaminta ya ce ba ta ji, a gida ma sai an kira ta sau uku, in aka aike ta abu biyu ɗaya take kawowa. Na shigar da ita ɗakin shiru. Ban taɓa ganin yaron da ya jefa murfi da kyau kamarta ba. Ƙarar da ni kaina sai na kasa kunne nake ji, ita ta ji.

Kafinta ya ce, "Malam, ka tabbata?"

Na ce, "Na'ura ba ta ƙarya. Kunnenta ya fi nawa."

Ya karɓi takardar, ya dubi hatimin, ya dubi yarinyar. Ya ce, "To. Ashe kina ji. Ashe raina mu kika yi."

Da kunnena na ji wannan magana, na kuma kira na gaba.

Bayan mako uku uwar yarinyar ta dawo da ita, ba tare da mijin ba. Ba ta yi dogon bayani ba. Ta ɗaga gefen rigar makarantar 'yarta, ta nuna wa Sista bayan ƙafafunta. Akwai sababbin shatar bulala a kan tsofaffi. Ta ce, "Tun da aka kai takardar nan, malaminsu ya sa ta a rajistar masu shan bulala. Da yana ɗaga mata ƙafa, yana cewa ko larura ce. Yanzu ya ce asibiti ya tabbatar kunnen ƙashi ne. In ta dawo gida babanta ya ɗora daga inda aka tsaya. Ya ce ƙarshen zangon nan ta gama makaranta, ba zai riƙa shan kunya ba. Ni na haife ta, Sista. Yarinyar nan ba ta da taurin kai."

Sista ta karanta takardar har zuwa sa hannun da ke ƙasa. Na jira tsawa, ba ta zo ba. Ta ce, "Ɗan difloma, ɗauko kwali. Kai za ka yi."

Ni na yi gwajin, tana tsaye a bayana. A cikin shiru yarinyar ta nuna hoto ashirin cikin ashirin. Sista ta kunna hayaniyar aji. Na rufe bakina da kwali, na ci gaba da muryar da na fara da ita. Yarinyar ta karkato kai, ta leƙa gefen kwalin tana neman leɓɓana, ta fara nuna hotuna da ka. Shida ta samu. A kalma ta goma sha ɗaya, da ta ga alamar ta yi kuskure, sai ta ɗaga hannuwa biyu ta kare kanta. Babu wanda ya ɗaga mata hannu a ɗakin. Jikinta ne ya riga ya haddace abin da ke biyo bayan kuskure.

Ana cewa in kunne ya ji, jiki ya tsira. Wannan kunne ya ji, na kuma ba da shaida a rubuce, jikin bai tsira ba.

Da suka fita Sista ta ce mini, "Abin da ka rubuta gaskiya ne, kunnenta lafiya. Sai dai ba tambayar da suka zo da ita ke nan ba. Sun zo tambayar me ya sa 'yarsu ba ta gane magana. Ka amsa wata tambaya dabam, ka buga mata hatimi." Ba ta sake tayar da zancen ba har yau.

Abin da ta yi bayan haka ban gani ba, amma waɗanda aka yi a gabansu sun faɗa mini da bakinsu. A ranar hutunta ta je makarantar. Malamin ya ce ta same shi da yara saba'in da ɗoriya, ta tambayi wurin zaman yarinyar, aka nuna mata benci na ƙarshe, jikin taga, ƙarƙashin fankar da ke kuka kamar tsohuwar ƙofa, ga injin niƙa a ƙetaren titi. Can ake tura marasa ƙoƙari. Ta roƙe shi ya zauna a wurin na minti biyu. Ta ɗauki alli, ta juya wa aji baya kamar yadda yake yi, ta riƙa magana tana rubutu. Bai cika minti ɗaya ba ya ce, "Mama, ɗan ɗaga murya."

Ta juyo ta ce, "Malam, kai da gemunka da takardar koyarwarka ka ce in ɗaga murya. Ita in ta ce haka, me take samu?"

Ya ce mini yaran sun yi dariya, shi kuwa ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. A ranar ya dawo da yarinyar benci na gaba, nesa da taga. Sista ta bar masa ka'ida uku a bayan katin asibiti: ya kira sunanta kafin ya yi magana, ya fuskance ta, ya ba ta umarni ɗaya bayan ɗaya.

Daga nan ta wuce shagon kafinta. Ta same shi yana yanka katako da inji, ta tsaya ta fara bayani da muryarta ta kullum, ba ta ɗaga ba. Ya ce, "Tsaya, Mama," ya kashe injin.

Ta ce, "Don me ka kashe?"

Ya ce, "Don in ji ki mana."

Ta ce, "Kai kana da makunni a bango. Yarinyar nan da kake kira Uwata ba ta da shi. A cikin injin nan take wuni, kuna dukanta don ba ta ji ku ba."

Bayan kwana biyu ya zo asibiti da ƙaramar kujera da ya ƙera daidai tsawon yaro, don ɗan lungun gwaji. Ya same ni a baranda. Ya ce, "Da hannun nan na dake ta, Malam, takardarka na cikin aljihuna." Bai ce ya yafe mini ba, ni ma ban roƙa ba, domin ba shi ne mai yafewar ba. Yarinyar tana makaranta har yanzu. Ba ta zama ta ɗaya a aji ba, kuma babu ƙwayar da za ta sha larurar ta tafi. Amma tana karatu, kuma ta koyi cewa, "Malam, a maimaita mini," ba tare da ta kare kanta ba.

Irin wannan aiki ne aka kira ɓata lokaci. Ina wurin ranar da shugaban sashe ya ce mata, "Sista, nan asibiti ne, ba makaranta ba. Na'ura ta ce yaro yana ji."

Ta ce, "Yallaɓai, na'ura ba ta taɓa zama aji biyu ba."

Ba zan zalunci shugabanmu ba. Layin gaskiya ne. Mutane kan baro gida tun da sassafe daga wurare masu nisa, kuma shi ake tambaya in alƙaluman wata suka yi ƙasa. Amma na duba littafin Sista da kaina, shafi bayan shafi. Yaran da ke buƙatar gwaji na biyu ba su wuce uku a mako ba. Awa biyu ke nan a cikin kwana biyar. Taron da muke yi kowace Laraba kan yadda za a rage jinkiri ya fi haka tsawo. To ina ɓata lokacin yake? Ana ƙirga katin da aka sallama, ba a ƙirga yaron da ya koma gida da hatimi ya sha bulala, domin shi ba ya dawowa layi, kuma shatar da ke bayan ƙafarsa ba ta shiga rahoto. Sau uku ana tsallake Sista a ƙarin girma, wai takardunta ba su kai ba. Makon jiya kuma aka liƙa sanarwa a ƙofarmu: daga Litinin minti goma ga kowane yaro, lungun gwaji na biyu kuma zai koma sito na tsofaffin fayil-fayil. Ba a ma jira ta kwashe jakarta ba. Wannan abin kunya ne, kuma ina rubuta shi da sanin cewa waɗanda suka sa hannu a sanarwar za su karanta.

Sista, ke ce kika gane cewa takardar lafiya na iya zama bulala. Ke ce kika zauna a bencin da ake tura waɗanda aka fid da rai da su, kika ji abin da suke ji, lokacin da mu masu difloma muke rufe ƙofar soso muna yaba wa kanmu. Mai shara ta ce shekara goma sha biyar tana aiki a barandarmu, ba ta taɓa ganin kin ci abincin rana a zaune ba, domin lokacin hutunki kike ba wa yaran da takarda ba ta ba su lokaci ba. Garkuwar bayan yara, wadda aka yi wa suna don a yi mata ba'a, sunan ya zama mata rawani. Kin koya mini aiki a ranar da na cancanci zagi, kin kuma yi shi a gaban yarinyar da na cuta, don kada in manta fuskarta. Na gode. Iyayen da ba su san inda za su same ki ba sun gode. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki hutu mai daɗi da lafiya mai ɗorewa.

Ga sauranmu kuwa, roƙona kaɗan ne. Malami, kafin ka ce yaro ya yi maka kunnen uwar shegu, je ka zauna a bencinsa. Uba, in an ce kunnen ɗanka lafiya amma har yanzu magana na wuce shi, kada ka ɗauko bulala, koma ka tambaya ko an gwada shi cikin hayaniya. 'Yan'uwana masu riƙe hatimi, mu tambayi kanmu wace tambaya aka zo da ita kafin mu buga.

Saura in faɗi yadda aka tashi taron jiya. A ɗakin taro na sashe aka yi, kujeru rabi babu kowa. Shugaba ya yabi haƙurin Sista da zuwanta aiki a kan lokaci, bai ambaci gwaji na biyu ko sau ɗaya ba. Aka miƙa mata agogon bango a cikin kwali. Mai shara, da ke tsaye a bakin ƙofa, ta ce da ƙarfi, "Agogo? Yanzu da ta gama ɓata muku lokacin?" Wasu suka tuntsire da dariya, wasu suka duƙar da kai. Shugaba ya tattara takardunsa, ya tambaya ko akwai mai ƙarin bayani, idonsa na kan ƙofa.

Na miƙe. Na san karambanin akuya ne, gai da kura, domin takardar tabbatar da ni a aiki tana kan teburinsa, ba a sa mata hannu ba. Abin da na rubuta na goge sau biyar ya gudu daga kaina. Na fara magana, ni kaina da ƙyar nake jin muryata.

Sista ta ce, "Ɗan difloma, na baya ba sa jin ka."

Na ɗaga murya na ce, "Yallaɓai, da girmamawa nake faɗa, kuma a gaban kowa, don kada a ce na ɓoye. Daga Litinin, duk yaron da aka kawo da kukan ba ya gane magana, ba zan buga masa hatimi ba sai na gwada shi cikin hayaniya. In an mayar da lungun sito, zan ajiye kujera a baranda in yi a can. In layi ya yi tsawo, a rubuta takardar tuhuma da sunana, zan karɓa."